Wa Ya Ɗauki Sarƙar Amarya? Tafiya Tsakanin Ƙaura, Zurmi da Shinkafi

A Ƙaura Namoda titin jirgin ƙasa ya tuƙe. Turawan mulkin mallaka sun janyo shi daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso nan a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga, bai kuma ƙara gaba ba. An daɗe rabon da matafiyi ya dogara da jirgi a wannan yanki. Duk abin da Kano za ta aiko wa Ƙaura yanzu a mota yake zuwa, atamfa da robobi da maganin sauro, can ƙasan kaya kuma, cikin kwali, littattafan soyayya. Sun ragu ƙwarai tun da karatu ya koma cikin waya, amma ba su ƙare ba. Ni biki ne ya taso ni zuwa Zurmi wajen dangin mahaifiyata, dole kuwa a ya da zango a Ƙaura. Kusa da tashar mota na tarar da wani dattijo da har yau yake sana'ar ba da hayar littattafai.

Tebur ɗaya gare shi da benci, sai igiya da ya ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu ya rataya littattafan a jikinta. Na ce ya zaɓo mini mara nauyi, wanda za a iya karantawa a mota. Bai tsaya dogon tunani ba, ya miƙo mini na ɗaya da na biyu da na uku a ɗaure da roba.

"Hajiya, ɗauki wanga. Akwai soyayya, akwai ban dariya, akwai abin da anka sace. Kuma ba a mutuwa ciki."

Na zaci raha yake yi. Ban bar wurin ba sai ga wata yarinya ta zo musanya littafi, tambayarta ta farko kafin ta karɓi sabon ita ce, "Baba, ana mutuwa?" Ya ce a'a, ta biya ta tafi.

Ba zan ambaci sunan littafin ba, saboda zan tona ƙarshensa, kuma ba na so in kashe wa marubuciyar kasuwa. Labarin dai bai da wuya. An kawo lefe gidan wani mai rufin asiri a Kano, an buɗe an yi guɗa, washegari aka nemi sarƙar gwal da ke cikin ƙaramin akwati aka rasa. Dangin ango na zargin dangin amarya, dangin amarya na cewa dama ta aro ce aka zo aka nuna aka mayar. Biki saura mako biyu. Ƙanwar amarya, wata mai baki da rashin tsoro, ta sha alwashin sai ta gano ɓarawon. Babban abokin ango shi ma ya sha irin wannan alwashi don ya wanke abokinsa. Ba sa ga maciji da juna, kowa na ganin ɗan'uwansa ne abin zargi, amma bincike ya tilasta musu yawo tare daga wajen maƙerin gwal zuwa gidan dillaliya. Mai karatu ya san inda za su kwana tun daga shafi na goma. Abin da bai sani ba shi ne wanda ya ɗauki sarƙar.

Daɗin littafin haya shi ne ba kai kaɗai kake karanta shi ba. Waɗanda suka riga ka sun bar sawu. A gefen shafin da sarƙar ta ɓace, wata ta rubuta da shuɗin biro, "Wallahi kishiyar uwa ce." A ƙarƙashinta wani hannu dabam, da jan biro, ya amsa, "Ba ita ba ce, ci gaba dai." Can gaba, inda abokin ango ya faɗa kwata yana leƙen dillaliya, an ja layi uku an rubuta "Alhaki!" Wata kuma ba ruwanta da labarin, lissafin adashinta ta yi a bayan bango. Kafin in gama na ɗaya na fi ɗokin jin abin da mai jan biro za ta ce a kan abin da marubuciyar za ta ce.

Ƙaura gari ne na ɗalibai, albarkacin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, kuma su ne rabin cinikin dattijon. Da yamma biyu suka zauna a bencinsa, na tambaye su ra'ayinsu. Ta farko, mai karatun akanta, ta ce littafin shirme ne, amma sau biyu ta karanta. Abin da ya ɓata mata rai kuɗi ne. Ta lissafa mini motocin haya da jaruman suka shiga da kyautar da suka yi wa mai gadi, ta ce sun kashe abin da ya kusa sayen wata sarƙar. Ta biyu ta ce ita faɗan ƙanwar amarya da abokin ango ne ya riƙe ta, don ya tuna mata da cinikin sayen baki, inda 'yanmata ke tsuga kuɗi, abokan ango na magiya, kowa na fushin ƙarya. Wani magidanci da ke jiran mota ya sa baki ba a gayyace shi ba. Ya ce su da suka tashi da James Hadley Chase a shekarun 1980 ba sa kiran wannan littafin bincike, labarin da babu gawa, babu bindiga, babu ɗan sanda, ai tatsuniya ce. Dattijon bai ɗago kai daga jera kayansa ba ya ce, "Alhaji, in gawa kaka so, ai ba sai ka yi haya ba." Babu wanda ya yi dariya, magidancin ma bai ƙara magana ba.

Dattijon yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, wanda ba ya ba da hayar abin da ke ciki. Ya buɗe mini don ya ga na damu. Akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, duk sun sha hannu har bangonsu ya yi laushi. Wanda ya fi ji da shi So Aljannar Duniya ne, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980, wanda kuma ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. "Tamu ce," in ji shi, don marubuciyarsa, Hajiya Hafsat Abdulwahid, duk da a Kano aka haife ta, ta yi shekaru masu yawa a Gusau, har ta nemi takarar gwamnan Zamfara a zaɓen 2003. Ya san an yi wa irin kayan sana'arsa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, ya san a 2007 an tara wasu an cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Bai ga abin jayayya a ciki ba. Ya ce akwai na banza a cikinsu, shi ma ba ya ajiye su, tun da 'ya'yan maƙwabtansa ne masu haya.

Hanyar Zurmi ba ta da nisa, amma ba a shigarta yadda aka ga dama. Direbobi ba sa sammako, ba sa kuma yarda yamma ta yi musu a daji. Ana jiran rana ta ɗaga, a ji labarin motar da ta fara isowa daga can, sannan a yi lodi. Mun wuce shingayen sojoji da na 'yan sanda da na Askarawan Zamfara, rundunar sa-kai da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a Janairun 2024. Tsakanin shinge da shinge hira takan mutu, kowa ya zuba wa daji ido, wasu na jan carbi. Na buɗe littafi na biyu a cinyata, ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Matar da ke gefena kuwa, mai goyo, ta leƙo ta ga bangon, ta ce a hankali, "Kin kai inda sunka je gidan dillaliya?" Na ce ban kai ba. Ta ce to ba za ta faɗa mini ba.

Zurmi tsohon gari ne na Alibawa, kuma daga cikinsu Namoda ya fito, jarumin da ya yi yaƙi a ɓangaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Ƙaura ta ci sunansa. Ban samu zagaya gari ba, gidan biki ya haɗiye ni. Da dare bayan isha'i aka baje tabarmi a tsakar gida ana tuyar dubulan da alkaki na gara, aka jingina fitila mai caji a jikin turmi. Gwaggona ta hango littafin a jakata, ta kira wata jikarta 'yar sakandare ta ce ta karanta musu, aikin ya fi sauri in kunne na da abin yi. Yarinyar ta iya karatu. Tana sauya murya, ta yi ta ƙanwar amarya da tsiwa, ta yi ta abokin ango da sanyin jiki, har mai tuya ta bar wani kasko ya ƙone.

A nan na ji sukar da ta fi kowacce kaifi. Uwargidan gidan, wadda ta kai lefe ta karɓi lefe fiye da yadda za ta iya tunawa, ta dakatar da karatun. Ta ce marubuciyar ba ta san lefe ba. Wane gida ne za a kawo gwal, a ƙirga a gaban mutane, a ba da tukwici, sannan a bar akwati a ɗakin da kowa ke shiga babu kwaɗo? Ai a ranar uwar amarya ke cire abin da ya fi daraja ta kai inda ita kaɗai ta sani. "Wagga yarinya ba ta taɓa aurar da kowa ba," in ji ta. Kishiyarta ta ce a bari mana, in an kulle akwati ina labarin zai fito? Uwargida ta ce sai a nemo wata dabara, ba a raina wa mutane hankali ba. Na ba ta gaskiya. Marubucin labarin bincike ya ci bashin mai karatu abu ɗaya, kada ya buɗe ƙofar da mai hankali zai rufe.

Dare na biyu aka kai ƙarshe. Ashe kakar amarya ce ta ɗauke sarƙar, ta ƙulle ta a tsumma ta jefa cikin tukunyar daddawarta, don ta ga halin surukan da za a kai jikarta cikinsu, masu rufa asiri ne ko masu tozarta mutane. Tsakar gida ta kaure. 'Yanmata suka ce an cuce su, ba a ba su wata alama ba. Yarinyar da ke karatu ta koma littafi na ɗaya ta nemo musu wurin: tun a can an ce akwatin na warin daddawa, kowa ya ɗauka ba'a ce ake yi wa dangin ango. Kuma tsohuwar da ta yi ta mita a kan auren ta yi shiru tun ranar da sarƙa ta ɓace. Gwaggona ta ce ita tun a nan ta gane, ba wanda ya yarda da ita. Wata tsohuwa mai niƙa gero a gefe, wadda na zaci ba ta saurare, ta ce, "Ta yi daidai. Ni ma haka zan yi." Jikokinta suka yi mata caa, wai daga yau ba za ta sake shiga ɗakin amarya ba.

Da safe labarin ya riga ya isa zaure. Maigidan, mijin gwaggona, ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, wanga abu da kunka kwana kuna hayaniya kai, ai ba sata ba ta." Ya ce su da suka tashi suna jin Kassu Zurmi, makaɗin da ya yi suna da waƙar 'yan tauri da ta ɓarayi, sun san yadda ake ba da labarin ɓarawo, da kirarinsa da tsoronsa da ranar da dubunsa ke cika. Ba yabon ɓarayin da yake yi ba, ya faɗa da bakinsa cewa sun tagayyara mutane. Abin da yake nufi shi ne a wancan zamani ana sanin wanda ya yi, a kama shi ko ya gudu ya bar gari, magana ta ƙare. Ya kai nan ya tsaya, ya koma tambayata lafiyar mutanen gida.

Surukarsa ce ta ba ni labarin watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta rufe kasuwannin mako-mako, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Mata da yawa a lokacin sun riga sun koma karatu a WhatsApp, inda marubuciya ke sako labari shafi-shafi. Dare ɗaya aka yanke su a tsakiyar labari. Ta ce sai ga tsofaffin littattafai na fitowa daga ƙasan akwatuna da bayan kwalla, wasu babu bango, wasu ɓera ya ci ƙarshensu, ana aika yara da su gida-gida. Wanda aka rasa na ukunsa, sai a nemo wadda ta taɓa karantawa ta zo ta ba da ƙarshen da baki. A cewarta, masu ban tausayi ba su yi farin jini a watannin nan ba. An fi rububin waɗanda ake faɗa a shirya.

Masu sharhin adabi sun saba ɗora irin wannan littafi a sikeli su ce ba shi da nauyi, ba ya fuskantar matsalolin al'umma. Ina ganin ba su zauna da masu karatun ba. Matan da na kwana da su ba su jahilci halin da suke ciki ba, su ne ke tara kuɗin fansa, su ne ke sayar da kayan ɗaki. Ba sa bukatar littafi ya sanar da su. Kuma ba karatun kawar da kai suke yi ba, don da haka ne da uwargida ba ta tsaya a kan kwaɗon akwati ba. Suna so a ɓatar da abu, a bi sawu da hankali, a samo shi, a faɗi sunan wanda ya ɗauka da dalilinsa, a yi dariya, a ɗaura aure. A yankin da mutum kan fita gona a kwana ana jiran kiran waya, labarin da tambayarsa ke samun amsa ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ba sa yafe wa marubucin da ya yi musu ha'inci a hanya.

Daga Zurmi na komo Ƙaura, na kama hanyar da ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi, na daidaita isata da Alhamis, ranar kasuwa. Kasuwar ta yi suna tun da daɗewa, musamman wajen dabbobi da hatsi, fatake na zuwa daga Nijar da kudancin Nijeriya. Mutanen garin na cewa ba ta kai yadda take da ba, amma ni baƙuwa cika na gani. A wata rumfa ana jin muryar Narambaɗa, mutumin Tubali, daga rediyon mai shayi. Teburin littattafai ban ci karo da shi ba. Abin da na gani shagunan caji ne, inda samari ke tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya, da kuma littattafan da aka karanta aka naɗa. Wanda bai iya boko ba, ko wadda hannunta ke cikin aiki, sai ta sa abin ji a kunne.

Wani saurayi mai shagon ya ce mata sun fi yawa a masu sayen labari, kuma cikinsu akwai masu jinya a babban asibitin garin, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke kula da yara masu tamowa. Uwa kan yi kwanaki a gefen gado, dare ya yi mata tsawo. Na ba shi labarin littafina a taƙaice. Ya ce yana da irinsa da yawa, amma shi abin da ke ba shi haushi, duk a Kano ko Abuja ake yin su, saurayi na da mota, budurwa na jami'a, kowa na magana da Kananci. Ko sau ɗaya a ce jarumi ɗan Shinkafi ne mai awon gero. Abokinsa da ke gyaran waya ya ce gara haka. "In anka rubuta mu yanzu, mi za a rubuta? A bari tukuna." Suka ɗan taɓa musu, mai shagon na cewa ai ana aure a Shinkafi, ana suna, ana satar kaza a yi shari'a gaban mai unguwa, duk wannan ba labari ba ne?

Wata budurwa da ke jiran cajinta ta saurare su har suka gama, sannan ta matso kusa da ni ta ce, "Anti, ni ina rubutawa." A waya take yi, da dare, tana sakar wa ƙawayenta. A cikin kasuwar nan ta kafa labarin. Jarumarta 'yar mai tuwo-tuwo ce, jarumin yaron dillalin shanu, abin da ya ɓace kuma ragon layya ne da aka saya aka bar wa mai rumfa ajiya. Na tambaye ta ko ana mutuwa, ta ce ko ragon bai mutu ba. Matsalarta ɗaya, masu karatunta duk 'yan garin ne, sun san kasuwar fiye da ita. Ta fara ɗora satar a kan mai rumfa, wata ta rubuto mata cewa mai rumfar da zai ci ajiya ba zai ƙara ganin Alhamis a Shinkafi ba. Ta koma kan ɗan kamasho, aka ce ai shi a tasha yake wuni, yaushe ya je kara? Yanzu ta kai babi na shida, rago ya ɓace, soyayya ta kama, ba ta da ɓarawo. Ta tambaye ni ko zan ba ta shawara. Na ce ta duba ko jarumarta na da kaka. Ta yi tsaki ta ce ta riga ta gwada, ƙanwarta ta gano tun a babi na biyu.